Haddi ko hadda? Aikin gida ɗaya da ya hana zauren iyayen yara na Legas barci

Uwar Tagwaye, Idi-Araba: Salamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah malamai a taimaka min. Babban cikin tagwayena yana aji biyu na babbar sakandare, an ba su aiki a darasin addini, wai su rubuto kalmomi goma na laifi da hukunci tare da ma'anarsu. Jiya bayan isha'i ya same ni a kicin da takardarsa, na ce to gaya min, mene ne haddi? Sai ya ce ai shi ne abin da suke yi ranar Laraba a Islamiyya, mutum ya rufe Alƙur'ani ya karanto da ka. Ban san lokacin da na ajiye ludayi ba. Yaran nan a boko Turanci, a Islamiyya Larabci, a layi Yarabanci, sai sun shigo gida suke jin Hausa. A rubuto mana da Hausar da zai gane.

Mai Tumatir: Hajiya ai yaron bai yi ƙarya ba. Wanda bai kawo hadda ba, a kansa ake tsayar da haddi. Mu dai haka muka sha a makarantar allo.

Malamin Agege: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki fara raba masa hadda da haddi, sauran mai sauƙi ne. Malaman fiƙihu sun kasa hukuncin laifi gida uku. Na farko haddi, jam'insa hududu. Asalin kalmar iyaka ce, kamar iyakar gona. Shi ne hukuncin da nassi, wato Alƙur'ani ko hadisi, ya yanke adadinsa, alƙali ba ya ƙarawa ba ya ragewa, kamar bulala 80 ta ƙazafi a aya ta 4 ta Suratun Nur, ko hukuncin sata a aya ta 38 ta Ma'ida. Na biyu ƙisasi da diyya, su ne na jini da rauni, kuma haƙƙin wanda aka cuta ne ko magadansa, suna iya yafewa. Na uku ta'aziri, wato horon da aka bar wa alƙali ko hukuma su auna: tara, ɗauri, gargaɗi, ko tsawatarwa a gaban mutane. Mafi yawan laifukan da ke faruwa kullum, algus, tauye mudu, cin amana, zagi, duk a nan suke faɗowa.

Ɗan Jami'a, Akoka: Allah ya gafarta Malam, ƙisasi ba daga kalmar kisa ya fito ba? Ni tun ina yaro haka na ɗauka.

Malamin Agege: Da yawa haka suka ɗauka, amma kamar suna ce kawai. Kisa Hausa ce, da ka. Ƙisasi Larabci ne, da ƙa, daga kalmar da ke nufin bin sawu. Ka tuna a Suratul Ƙasas mahaifiyar Annabi Musa ta ce wa 'yar uwarsa "ƙussihi", bi sawunsa. To ƙisasi shi ne a bi sawun abin da mutum ya yi, a yi masa daidai da shi, ba ƙari. Shi ya sa akwai ƙisasin haƙori, ba wanda ya mutu a ciki. Duba Ma'ida aya ta 45.

Lauyar Zaure: Malam, da izininka. Ni ban yarda da inda aka fara ba. Duk lokacin da aka zo koyar da wannan babi, sai a fara da bulala nawa, hannu wane, sai yaro ya tashi yana ganin shari'a mahauta ce. Da ni ce, kalmar farko da zan sa yaron Hajiya ya rubuta ita ce shubuha. Ta biyu bayyina, wato hujjar da ke tabbatar da laifi. Sai ya iya waɗannan biyun sannan a gaya masa akwai wani abu wai shi haddi.

Malamin Agege: Barista, ai ba a gane keɓancewa sai an san ƙa'ida. Ta yaya zan ce masa shubuha tana kawar da haddi alhali bai san haddi ba?

Lauyar Zaure: A kotu kuwa ta can ake farawa, Malam. Kafin a kai ga hukunci an shafe watanni ana tambayar wa ya gani, yaushe, da wane haske. Hukunci shi ne shafin ƙarshe na fayil. Ku kuna buɗe wa yara littafin ta baya.

Uwar Tagwaye, Idi-Araba: Ni dai kafin ku gama, a gaya min mece ce shubuhar. A wurinmu in an ce abu akwai shubuha, ana nufin kuɗin da ba a san halas ne ko haram ba.

Malamin Agege: Gida ɗaya suka fito, Hajiya. Shubuha ruɗani ne, abin da ya yi kama da gaskiya har ya hana a samu yaƙini. Ƙa'idar malamai ita ce a tunkuɗe haddi da shubuha. Bari in ba ki misalin da yara ke riƙewa. A zamanin Sayyidina Umar, bayin Haɗibu ɗan Abi Balta'a sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka suka ci. Da aka kawo su, Umar ya fahimci ubangidansu yana barinsu da yunwa. Bai yanke hannun kowa ba. Ya juya kan ubangidan ya sa shi biyan ninkin kuɗin taguwar. Imamu Malik ya kawo wannan a Muwaɗɗa. Kin ga an yi sata, an kama, ba a musanta ba, amma haddi bai tsaya ba.

Kuma sata ma da kanta tana da kalmomi biyu da dole ya rubuta: nisabi da hirzi. Nisabi shi ne mafi ƙarancin ƙimar abin da aka sata, a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinarin zinare ko dirhami 3 na azurfa. Hirzi shi ne ma'ajiyar da aka saba adana irin wannan abu a ciki. Wanda ya ɗauki abin da aka yasar a hanya, ko ya ci amanar kayan da aka ba shi ajiya, ya yi laifi, za a hore shi da ta'aziri, amma ba sata ce ta haddi ba.

Lauyar Zaure: Ka ga, Malam, da bakinka. Ka yi sakin layi biyu kana bayanin yadda haddi ba ya tsayawa. Abin da nake faɗa kenan.

Malamin Agege: Na ji. Amma sai da na fara ambaton sunansa.

Alhaji Mai Shanu, Oko-Oba: Ku bar ni in shigo da tawa, don ni wannan karatu a aikace na same shi. Shekarun baya direban da ke ɗauko mana shanu daga Arewa ya buge wani bawan Allah mai keke da asuba, tun kafin ya shigo Kwara. Birki ne ya ƙwace. Mamacin mutumin Arewa ne, muka tattara muka je gidansu da goro da buhun shinkafa. Yayansa ya fito, dattijo mai farin gemu, ya ce kwana ne ya ƙare, mun yafe duniya da lahira. Kowa ya yi kabbara, muka shafa fatiha, muka taso muna murna. A mota wani malami da muka tafi da shi ya yi shiru har muka yi nisa, sannan ya ce: kun ga yaran nan uku da ke zaune a bakin zaure? Haƙƙinsu ne aka yafe, kuma ba a tambaye su ba. Wallahi har yau in na tuna ƙaramin, da riga ba wando yana leƙen motarmu, sai jikina ya yi sanyi. Daga baya mun koma mun kai abin da ya sawwaƙa aka damƙa wa uwarsu. Malam, gaskiya ne abin da ya faɗa?

Malamin Agege: Gaskiya ne, Alhaji, Allah ya saka masa. Diyya gado ce, ana raba ta yadda ake raba gado. Baligi yana iya yafe kasonsa, amma ba ya kyauta da kason maraya don a ce masa mai tawakkali. In mamacin ya bar 'ya'ya maza ma, yayan nan ba shi da ko sisi a ciki, abin da ba nasa ba ya yafe. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 ga mutanen zinare, ko dirhami 12,000 ga mutanen azurfa. In aka auna dinari da giram 4.25, kilo huɗu da kwata na zinare kenan. A kisan kuskure ba a kan direban kaɗai take ba, tana kan aƙila, wato danginsa na wajen uba, su biya cikin shekara 3. Sannan akwai kaffara, wadda ba wanda zai yafe masa ita don ba haƙƙin mutane ba ce. Nisa'i aya ta 92: 'yanta baiwa ko bawa, wanda bai samu ba azumin wata biyu a jere. Direban ya yi?

Alhaji Mai Shanu, Oko-Oba: Ya yi, cikin sanyi. Yana tuƙi yana azumi.

Mai Tumatir: Hajiya ki kula yaro kar ya rubuta ɗiya maimakon diyya, malami ya ɗauka za a ba da yarinya.

Ɗan Jami'a, Akoka: Akwai wani abu da na lura. Kalmomin nan duk muna amfani da su a gida, amma ma'anarsu ta goce. Gwamnati ta rushe shago, sai a ce a biya diyya. An ce wani ya ci kuɗin ƙungiya, sai ya ce an yi masa ƙazafi. Rediyo kuma kullum kisan gilla.

Malamin Agege: Ka taɓo inda ke yi min ƙaiƙayi. Ƙazafin da ke da bulala 80 ɗaya ne: jifan mutum kamili da zina, ko kore shi daga ubansa, ba tare da shaidu huɗu ba. Wato wanda ya ce wa ɗan uwansa shege da nufin nasabarsa, a kan bakin wuta yake. Sauran sharri da ƙage ta'aziri ne. Gilla kuwa a fiƙihu ba yawan jini ba ce ko munin kisa. Ita ce a yaudari mutum, a ja shi inda ba mai ceto, a kashe shi don a ɗauke abin hannunsa, irin wanda zai tare ɗan acaba ya ce kai ni wuri kaza. A wajen Malikiyya wannan ba ya karɓar afuwar dangi. Shi kuwa kisan ganganci na gaba da gaba, dangi suna iya yafewa, amma ko sun yafe, Risala ta ce a yi masa bulala 100 a tsare shi shekara ɗaya.

Wani sabon shiga: Assalamu alaikum, akwai shadda da atamfa sabon zuwa, ana kaiwa har gida ko'ina a Legas.

Shugaban Zaure: Ɗan uwa, ranar talla Asabar ce. Na goge hotunan. Wannan ta'aziri ne, in ka sake sai kora.

Malama 'Yar Filato, Obalende: Sannunku da ƙoƙari. Ni darasin addinin Kirista nake koyarwa, kuma ina bin zancen nan tun farko ina murmushi, don matsalarmu ɗaya. Yaro zai zo ya ce maka "ido maimakon ido" izinin ramuwa ne. Sai na zaunar da shi na nuna masa cewa a Fitowa sura 21 maganar alƙalai ce, kuma iyaka ce aka sa: wanda aka cire wa ido kar ya je ya ƙone garin su wancan. Sannan mu wuce Matiyu sura 5 inda Yesu ya ambaci wannan ya ce a juya ɗaya kumatun. Akwai kuma biranen mafaka guda shida a Littafin Ƙidaya sura 35, inda wanda ya yi kisa ba da gangan ba zai gudu ya fake har jama'a su saurari maganarsa, kuma a surar an ce ba a kashe mutum da bakin shaida ɗaya. Alhaji mai shanu, kai ma akwai taka: Fitowa 22 ta ce wanda ya saci sa ya yanka ko ya sayar, zai biya shanu biyar, na tunkiya kuma huɗu.

Alhaji Mai Shanu, Oko-Oba: Malama, da za a yi mana wannan a kara da tuni na sayi tirela ta biyu.

Malama 'Yar Filato, Obalende: Abin da nake so in ƙara wa yaron Hajiya shi ne ya raba zunubi da laifi. Hassada zunubi ce, ba ɗan sandan da zai kama ka a kanta. Bin hanyar da aka keɓe wa manyan motocin haya na BRT da motarka laifi ne a Legas, ba za ka same shi a wani littafi mai tsarki ba. Wani abin kuma ya haɗa biyun. Kuma masu jarrabawa suna son tambayar dalilin hukunci: sakayya ce, ko izina ga na baya, ko gyaran mai laifin, ko kare jama'a.

Malamin Agege: Madalla da Malama. Mu ma muna da su, zawajiru da jawabiru, wato masu tsawatarwa da masu ɗinke ɓaraka. Sai dai saɓa dokar hanya, in an kafa ta don maslahar mutane, mu a wajenmu tana iya zama zunubi ma.

Mai Tumatir: To ni yanzu ba wasa. Duk wannan da kuke faɗa, shaida, shubuha, a titin garin nan kalma ɗaya ce ke aiki: "ole", wato ɓarawo da Yarabanci. Da zarar an ƙwala ta, shi kenan. Na gani da idona wata rana da yamma a bakin wata tasha. Yaro ne bai fi shekara goma sha bakwai ba, da silifa ƙafa ɗaya. Wata mata ta ce wayarta. Kafin ka ce kwabo an yaga masa riga, wani ya gangaro da taya. Ni da wani mai shayi da wani dattijon Bayarabe muka shiga tsakani muna roƙo, ni har na sha mari ɗaya da ban san mai shi ba. Ana cikin haka wayar ta yi ƙara a ƙasan jakarta, cikin ledar barkono. Ba wanda ya ce wa yaron yi haƙuri. Kowa ya watse kamar an yi ruwa an ɗauke. Har da 'yan uwanmu a cikin masu dukan, na ji suna cewa ai ɓarawo hukuncinsa kenan a Musulunci.

Malamin Agege: Inna lillahi. Wannan ma yana da suna a littafi: iftiyati, wato shiga gaban hukuma a abin da ita kaɗai ke da ikon yi. Ko haddin da ya tabbata, ba mai tsayar da shi sai shugaba ko alƙalin da ya naɗa. Balle abin da ba shaida, ba iƙirari, wato mutum ya amsa laifi da bakinsa. Hadisi na 33 a Arba'una, wanda yaranmu ke haddacewa, ya ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Da yaron nan ya mutu, waɗanda suka kashe shi su ne za a nema da jini.

Lauyar Zaure: Yanzu ka dawo layina, Malam. Waɗancan masu tayar sun san sunan hukuncin sata, ba su taɓa jin kalmar bayyina ba. Haka aka koyar da su, daga shafin ƙarshe.

Kuma Hajiya, ki gaya wa yaro inda yake zaune, kar ya rikice. A Legas ba a zartar da haddi. Dokar laifuka ta jihar ta 2011 ce ke aiki. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da rubutacciyar doka ta ambata, kuma kowa marar laifi ne har sai an tabbatar. A Arewa an yi aiki da kundin dokar laifuka na Final Kod tun 1960, sai Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999 ta fara aiki da ita a Janairun 2000, jihohi 12, har da ita, suka bi wannan hanya. Ku tuna manyan shari'o'in nan biyu. Safiya Husaini a Sakkwato, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta sake ta a Maris 2002, cikin dalilan har da cewa abin ya faru kafin dokar ta fara aiki. Amina Lawal a Katsina, an sake ta a Satumban 2003, aka yi maganar janye iƙirari da maganar kwantaccen ciki. Alƙalan shari'a ne suka yanke, da littattafan Malikiyya.

Ɗan Jami'a, Akoka: Anti Barista, dama mutum yana iya janye iƙirari bayan ya amsa?

Malamin Agege: A haddin da yake haƙƙin Allah ne, yana iya janyewa, kuma a ƙyale shi. Amma in ya amsa cewa ya ɗauki kuɗin wani, janyewar ba ta sauke masa biyan kuɗin. Iƙirarin da aka samu da duka kuma, wannan wani dogon zance ne, ba na daren nan ba.

Lauyar Zaure: Na daren nan ne mana, shi muke fama da shi kullum. Amma na bari.

Baba Tsohon Ganduroba: Yarana, ina karantawa a hankali, idon ya yi rauni. Ba ku taɓo ɓangarenmu ba. Yari sarauta ce, shi ne mai kula da kurkukun sarki, daga nan aka samu gidan yari. Fursuna Turanci ne muka lanƙwasa. Gidan waƙafi na wanda ake tsare da shi kafin a gama shari'arsa ne. Akwai ɗaurin talala, akwai ɗaurin rai da rai, akwai beli. 'Yan gari kuma su ce gidan maza, ko gidan ɗan Kande. A 2019 gwamnati ta sauya doka, aka daina cewa hukumar gidajen yari aka koma gidajen gyaran hali, har Kirikiri da Ikoyi. Suna mai daɗi. Ni dai a shekarun da na yi ina riƙe makulli, waɗanda suka fi cika min ɗaki ba waɗanda aka yanke wa hukunci ba ne, masu jiran shari'a ne. In yaron yana da wuri a takardarsa, ya sa wannan.

Uwar Tagwaye, Idi-Araba: Baba mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Goma aka ce, kun ba mu sun fi ashirin. Na ba shi wayar ya zauna a kan tabarma ya zaɓa da kansa. Ga abin da ya rubuto: zunubi, laifi, bayyina, iƙirari, shubuha, haddi, ƙisasi, diyya, kaffara, ta'aziyya.

Lauyar Zaure: Malam ka duba jerin da kyau. Haddi na shida.

Malamin Agege: Na gani, Barista, yaro ya bi bayanki. Amma Hajiya a duba ta goman nan. Ta'aziri ne, ba ta'aziyya ba.

Mai Tumatir: A bar masa haka Malam, in malaminsu ya ga an yi kuskure a ta ƙarshe ai sai mun je ta'aziyyar maki ɗaya.

Uwar Tagwaye, Idi-Araba: Ya gyara. Yanzu kuma ƙanin ne ya taso, wai shi a nasu ajin gado aka ba su. Malam, gobe bayan la'asar kana nan?